Daga Zangon Kwatano zuwa duwatsun Atakora: Hanyar da fatake suka taka, jikokinsu na wucewa cikin barci

Duk wanda ya tashi a Akpakpa, abu mafi tsawo da idonsa ya saba gani shi ne injinan ɗaga kwantena na tashar jiragen ruwan Kwatano, sai kuma hasumiyar masallaci. Ƙasar nan a shimfiɗe take kamar faifai. Teku daga kudu, tafkin Nokuwe daga arewa, tsakani kuma rairayi ne zalla. Yaro na iya girma a nan har ya yi aure bai taɓa hawa tudun da ya sa shi haki ba.

Amma a cikin wannan ƙasa ta Benin ɗin dai, kimanin kilomita 540 arewa da Kwatano, akwai garin da duwatsu suka sa a tsakiya, akwai hanyar da mota ke bi tana kuka da ƙaramar giya, fasinja na leƙa kwari ta taga yana salati. Can ne Atakora.

Da yawa daga cikin mutanen Zango da Akpakpa sun sha bin wannan hanya: masu sayo dabbobi, masu fataucin doya da hatsi, masu kai marar lafiya Tangiyeta. Sai dai tambaye su yadda duwatsun suke, sai ka ji shiru. Dalili kuwa, motar dare suke shiga. A kwanta a Kwatano, a farka a arewa, kasuwa ta ci, a juyo. Ni ma haka na yi shekaru ina yi. A wannan karon, bayan ɗaukewar damina, na ce sai na ga hanyar nan da idona, da rana tsaka.

Fita daga rairayi

Da asuba ɗan zemijan, wato ɗan acaɓan Kwatano mai rigar ruwan ɗorawa, ya ɗauke ni daga Akpakpa. Muka haye gada, kasuwar Dantokpa na ta farkawa a gefenmu, muka nufi wajen Etwal Ruj inda manyan motocin arewa da dama ke lodi. Abu guda na roƙa wajen yankar tikiti: kujerar taga.

Sa'o'in farko babu abin ba da labari ga mai neman dutse. Godome, Kalabi, cunkoson babura da hayaƙi. Daga Allada sai abarba jibge a bakin titi, irin doguwar nan mai zaƙi da yankin ya yi suna da ita. A Bohikon mota ta tsaya, 'yan talla suka yi mata zobe da burodi da soyayyen nama da ruwan leda. Har nan ƙasa ba ta ɗaga kai ba.

Dattijon da ke kusa da ni, mai fataucin goro ne daga Zango, ya ga na ƙura wa taga ido tun safe. Ya ce, "Ɗana, me ka ɓatar a waje ne?" Na ce, "Baba, duwatsu nake jira." Ya yi dariya, ya ce shekara da shekaru yana bin hanyar nan, shi dai abin da ya sani shi ne inda ake tsayawa salla da inda gari ya fi araha.

Dasa: inda ƙasa ta fara tashi

Kimanin kilomita 200 daga Kwatano, ba zato ba tsammani, sai ga su. Manyan duwatsu baƙaƙe da masu ruwan toka, mulmulallu, wani kan wani, kamar an ɗora da hannu. Za ka ga ƙaton dutse da ya kai girman ɗaki zaune a kan ɗan ƙarami, ka rantse iskar hadari ɗaya za ta mirgino da shi. Ga shi kuwa tun kafin kakannin kakanninmu yana nan. Wannan ce Dasa-Zume, wadda ake wa kirari da garin tuddai 41. Gidaje sun shiga tsakanin duwatsun sun zauna, wasu ma dutsen ne bangonsu na baya.

A gindin ɗaya daga cikin duwatsun akwai kogon Arigbo, inda mabiya ɗarikar Katolika ke taruwa ziyara kowane watan Agusta tun daga 1954. Idan tafiyarka ta faɗo a lokacin, to ka shirya wa cunkoso.

A Dasa hanya ke rabuwa biyu. Ta dama ta nufi Faraku da Kandi har Malanbil, bakin iyakar Nijar. Ta hagu, wadda ake kira RNIE 3, ita ce tamu: Sabalu, Jugu, Natitingu, Tangiyeta, har Porga a iyakar Burkina Faso.

Ba a wuce Dasa ba tare da an tuna da ranar 29 ga Janairun 2023 ba, lokacin da wata babbar motar fasinja ta yi karo da babbar motar kaya a kusa da garin, wuta ta tashi, sama da mutum 20 suka rasu. Kwalta mai kyau na jan ƙafar direba zuwa totur. Na lura da muka zo wajen, hira ta ɗan lafa a cikin motarmu.

Daga Sabalu zuwa Jugu

Sabalu ma a jikin tuddai take. Garin rogonta ya yi suna a duk faɗin ƙasar, kuma kowace ranar 15 ga Agusta ake bikin sabuwar doya a can. Daga nan hanya ta miƙe arewa ta Bante da Basila, cikin gonakin kashu da dazuzzukan katako. A bakin titi, tulin doya da buhunan gawayi a jere, shaidar cewa dajin da muke yabawa ana cin sa a hankali.

Ta yamma, wajen iyakar Togo, wani dogon layin duwatsu shuɗi-shuɗi ya fara rakiyarmu daga nesa. A wannan yanki dutsen Sokbaro yake, mai tsawon mita 658, wanda aka saba lissafawa a matsayin wuri mafi tudu a Benin.

A nan ya kamata a faɗi gaskiya. Wanda ya san Jos, ko ya taɓa hawa Mambila, zai ce wannan ai wasan yara ne. Dutsen Chappal Waddi na jihar Taraba ya haura mita 2,400, kusan ninki huɗu ke nan. Duwatsun Benin ba da tsawo suke kama mutum ba. Abin da ke kama ka shi ne yadda suke tasowa daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa kai-tsaye, bayan ka yi rabin wuni ba ka ga ko jiɓa ba. Mai ƙishirwa ne ya san daɗin ruwan randa.

Jugu: zangon da ya rigayi Zango

Da la'asar muka shiga Jugu, wanda ake rubutawa Djougou a allunan hanya. Gari ne na Musulmi, masallatai ko'ina, kuma da ka sauka ka yi sallama da Hausa za a amsa maka, ko da yake Dendi ne harshen kasuwa. Wannan ba sabon abu ba ne.

A ƙarni na 18 da na 19, Jugu na ɗaya daga cikin manyan masaukan ayarin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja. Fatake kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da jakuna da takarkarai, ɗauke da kanwa da rinannun tufafi da fatu da gabu. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, su yada zango a Jugu, sannan su fuskanci duwatsun nan su gangara ta ƙasar Togo ta yau zuwa Salaga. Daga can su juyo da goro. Zuwa da dawowa kan ci wata shida har zuwa shekara. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a wannan fatauci.

Ayari kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Baturen nan Clapperton, da ya ratsa Bargu a 1826, ya ci karo da ayarin Hausawa da ke dawowa daga Gwanja a garin Kayama, ya ƙiyasta mutanensa sun haura dubu, da dabbobi kwatankwacin haka. Madugu ke shugabanta, jagaba na gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki na kula da kuɗin da ake biyan sarakunan da aka ratsa ƙasarsu. A wurinsu dutse ba abin kallo ba ne. Wuri ne da jaki ke tuntuɓe, kaya ya zube, 'yan fashi su yi kwanto a mashigi.

Kalmar nan ta zango, wato inda ayari ke sauke kaya ya kwana, ita ce ta zama sunan unguwannin Zongo da ke Kwatano da Lome da Kumasi da Akara. Ke nan duk ɗan Zangon da ya ratsa Jugu yana barci, ya wuce ta ƙofar gidan kakanninsa ne bai yi sallama ba. Da na faɗa wa dattijon nan haka, sai ya gyara zama ya ce, "To, ai ka ga goron ma har yau shi nake ɗauka. Jakin ne kawai ya zama mota."

A Jugu ya sauka. Ni kuma na sayi wagashi, cukun nan na Fulani da ake daskarar da madararsa da tumfafiya, a rina bayansa ja da karan dafi. Wanda bai ci shi soyayye a cikin miya da sakwara ba, bai ci abincin arewacin Benin ba.

Hawan Atakora

Tsakanin Jugu da Natitingu kimanin kilomita 80 ne, kuma a nan tafiyar ta canja kama. Wajen Kopargo, tuddan Taneka suka bayyana, da ƙauyukansu na zagayayyun ɗakuna maƙale a jikin dutse. Mutanen da suka kafa su sun hau can ne don tsira daga mahara masu kamen bayi. Ga wani abin da ya tsaya mini a rai: daga wannan yanki kogin Weme ke tasowa, ya yi tafiyar kusan kilomita 500 zuwa kudu, ya zuba a tafkin Nokuwe. Wato ruwan da na haye a kan gada da asuba, tsakanin Akpakpa da Dantokpa, wani kasonsa daga nan ya fito.

Daga nan hanya ta fara hawa da sauka. Injin ya canja murya. Kwana bayan kwana, tireloli masu nauyi na rarrafe a gabanmu, yaran mota na zaune a shirye da katakon tare taya. Iskar da ke shigowa ta taga ta yi sanyi. Ciyawa ta kai ƙirji, ta fara komawa ruwan zinariya, ga kaɗanya da ɗorawa da kuka a warwatse har gindin dutse. Rana na gangarawa, sai fuskar duwatsun ta koma ja kamar an shafa mata jan ƙasa.

Wannan jerin duwatsu ba na Benin kaɗai ba ne. Ya faro ne tun daga kudancin Ghana, ya ratsa Togo a karkace, ya shigo arewa maso yammacin Benin, ya ci gaba yana ƙanƙancewa har wajen kogin Kwara. Shi ne ke raba ruwan yankin: kogin Penjari ya bi ta yamma ya zama Oti ya shiga Bolta, Mekuru kuma ya nufi arewa maso gabas ya faɗa Kwara.

Natitingu, ko Nati kamar yadda kowa ke ce mata, a cikin kwari take kwance, dogon titi guda ya ratsa ta, duwatsu dama da hagu. Da magariba fitilun gidajen da ke jikin tudu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Nan ne yankin tsohon shugaban ƙasa Mathieu Kérékou, kuma nan aka binne shi bayan rasuwarsa a 2015. Nan ne kuma ake tunawa da Kaba, wanda ya jagoranci mutanen duwatsun nan suka yi wa Faransawa tawaye a 1916 zuwa 1917 saboda aikin tilas da kamen soja. Da kwari da baka suka yi ta fafatawa, kogunan dutse na ba su mafaka, kafin a ci ƙarfinsu.

Inda ƙasa ta buɗe

Washegari na ɗauki ɗan babur zuwa hanyar Bukumbe, yamma da Nati. Idan mutum zai ga abu guda kacal a Atakora, to wannan ne. Hanya na tafiya a kan doron dutse, kana ganin gonakin dawa da acca, ba ka san ka yi sama ba. Sai a wajen ƙauyen Kusukwangu, ƙasa ta yanke a gabanka. Ƙasa can, wani makeken fili ya shimfiɗu har cikin Togo, kukoki sun koma kamar tsintsiya, hayaƙin girki na tashi siriri daga gidaje. Shaho na shawagi, amma a ƙasanka yake, kai ne ke kallon bayansa.

Kai, na daɗe a tsaye ban ce uffan ba. Ɗan babur ɗin ya kashe injin ya bar ni. Da alama ya saba ganin baƙi sun yi haka.

Gidajen da ke warwatse a filin su ne ake kira tata, na mutanen Batammariba, waɗanda baƙi ke kira Somba. Kowane gida kamar ƙaramar ganuwa yake: ginin laka mai hawa biyu, ƙofa guda ƙarama, dabbobi da madafa a ƙasa, a sama kuma fili ne na shanya da ɗakunan kwana da rumbuna masu hular jinka. Ba sa cunkushewa wuri guda, kowa na tsakiyar gonarsa. An gina su ne don ranar da mahara za su zo: a shige da iyali da dabbobi, a toshe ƙofa, a hau sama da baka. Hukumar UNESCO ta sa yankin Kutammaku na ɓangaren Togo cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, sannan a 2023 ta faɗaɗa shi ya haɗa da ɓangaren Benin.

Bahaushe ya san rumbu, ya san soro, ya san ginin tubali. Amma ganin an haɗa su duka a gini guda, ba siminti ba ƙarfe, ya isa a jinjina wa maginan. Shawara ɗaya: gidajen mutane ne, ba gidan kallo ba. A yi sallama, a nemi izini kafin a ɗaga waya.

A kusa da Nati kuma akwai Kota, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse cikin wani tafki mai sanyi a tsakiyar itatuwa. Bayan damina yana da ƙarfi, da bazara kuwa sai ya rame.

Inda tafiya ke tsayawa

Daga Nati zuwa Tangiyeta kimanin kilomita 50 ne, kuma nan ne hanya ke sauka daga kan dutse. Gangara ce mai kwana-kwana, ƙaurin birkin manyan motoci na dukan hanci. Tangiyeta na zaune a gindin wani dogon bangon dutse da ya miƙe iyakar ganinka.

Sunan garin ba baƙo ba ne a Zango, ko a Gaya da Doso da Yamai. Asibitin Saint Jean de Dieu da aka buɗe a 1970 ya daɗe yana karɓar marasa lafiya daga Nijar da Burkina Faso da Togo da Najeriya. Iyalai da yawa sun san duwatsun nan ne ta tagar asibiti, suna jinya.

Daga nan gaba kuwa, labari ya sha bamban. A da, Tangiyeta ce ƙofar gandun dajin Penjari, inda ake zuwa kallon giwaye da zakuna da ɓauna, a biya ta Tanugu a yi wanka a ruwan da ke zubowa daga dutse. Masu jagorar baƙi, direbobi, masu masauki, mata masu abinci, duk da wannan suke ci. A watan Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu masu yawon buɗe ido a cikin gandun, aka kashe ɗan Benin ɗin da ke musu jagora. A farkon Disambar 2021 aka kai hari kan sojoji a yankin Porga. Daga baya gwamnati ta girke dubban sojoji a arewa a ƙarƙashin shirin Mirador. A watan Afrilun 2025 kuma ta tabbatar da kashe sojojinta 54 a yankin gandun W, can gabas, harin da ƙungiyar JNIM ta ce ita ta kai.

Waɗannan hare-hare sun fi yawa ne a bakin iyaka da cikin gandayen daji, ba a kan titin Jugu zuwa Nati ba. Amma tsoro ba ya duba taswira. Baƙon da ya ji an ce arewacin Benin, sai ya soke tafiyar gaba ɗaya, mai masauki a Nati ya kwana da ɗakuna a rufe. Hanyar Porga zuwa Fada Ngurma, wadda manyan motocin Burkina suka dogara da ita, ta zama abin fargaba. Ni dai a Tangiyeta na tsaya, kamar yadda masu gari suka ba ni shawara, kuma ita ce shawarar da zan ba kowa: kada ka wuce inda 'yan gari suka ce ka tsaya.

Abin da ya dame ni a hanyar dawowa shi ne wannan. Mutanen duwatsun nan sun hau sama sun gina tata ne saboda mahara. Fatake sun yi ayari mai mutum dubu ne saboda 'yan fashi. An yi zamanin da duk wannan ya zama tarihi, har mutum na iya ɗaukar jakarsa shi kaɗai ya kai Porga ba tare da tunanin komai ba. Yanzu wannan sararin na raguwa daga arewa, kaɗan-kaɗan. Abin da ake gani yau a sauƙaƙe, babu tabbacin haka zai kasance gobe.

Ga mai niyya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ganye bai bushe ba, sama a wanke. Da hunturu ya kankama, hazo kan rufe duwatsun, ga ƙunar daji da ke mayar da su baƙi ƙirin. A shiga motar safe, a riƙe katin shaida a kusa saboda shingayen jami'an tsaro, a tafi da rigar sanyi don daren Nati ba irin na Kwatano ba ne. Kada a yi tafiyar dare daga Nati zuwa arewa. Mai jin jiri a kwana ya rage cin mai kafin hawa.

Ba sai mai kuɗi ba. Wanda sana'arsa ke kai shi arewa ko ta yaya, abin da zai canja kawai shi ne lokacin tashi: sau ɗaya dai, ya bar motar dare.

Da na dawo Akpakpa na haye gadar nan da yamma, masunta na jefa birgi daga kwale-kwale kamar kullum. Na leƙa ruwan, ruwan ƙasa-ƙasa mai ɗauke da tarkacen kasuwa. Shekara nawa ina wucewa ta kansa ban taɓa tambayar daga ina ya taso ba. Yanzu na ga wurin.